Ma'aikacin Wata Biyar: Halin Da 'Yan Zango Ke Ciki A Wuraren Aiki

Duk wanda ya yi sammako ya bi hanyar Ashaiman zuwa Tema bayan sallar asuba, zai ga samarinmu da dattawanmu sun cika motocin haya, wasu za su tashar jiragen ruwa, wasu masana'antu, wasu kuwa dawowa suke yi daga gadin dare. Haka abin yake a Nima da Mamobi, haka yake a Aboabo da Asawase a Kumasi. Da ka tambayi mutum inda yake aiki zai faɗa maka sunan kamfani da alfahari. Amma ka tambaye shi takardar ɗaukar aiki, sai ya yi murmushi ya ce ai an san shi a wurin.

To, wannan "an san ni" ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin ranar da aka yi sallama ko aka ji rauni, ba ta tsaya wa kowa shaida.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta shekarar 2003, wadda ake kira doka mai lamba 651, ta yi magana a fili. Ma'aikacin wucin gadi da ya yi wa mai gida ɗaya aiki wata shida a jere ko fiye, za a ɗauke shi a matsayin ma'aikacin dindindin, kuma aikin da zai kai wata shida sai an rubuta yarjejeniyarsa. Wasu masu kamfanoni sun karanta wannan doka fiye da mu. Sai a bar mutum ya yi wata biyar, a ce masa ya je ya huta, bayan mako biyu a sake kiransa kamar baƙo. Akwai waɗanda suka yi furfura a wuri guda alhali a littafin kamfani kullum sabbin shiga ne. Wata dabarar kuma ita ce a ɗauki lebura ta hannun ɗan kwangila, ta yadda idan magana ta tashi kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan kwangila kuma ya ɓace.

Abin da mutum ke rasawa a nan ba ƙarami ba ne. Akwai hutun shekara, akwai kuma fansho, inda doka ta ce mai gida ya zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5.5. Muna shawartar kowa ya je ofishin SSNIT ya nemi a nuna masa lissafinsa, domin ana iya yanke wa mutum kuɗi duk wata ba tare da kuɗin sun isa can ba.

Batun albashi kuwa, kowa ya san inda takalmi ke matsa masa. Kwamitin da ya haɗa gwamnati da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago ya sa mafi ƙanƙancin ladan yini a sidi 18.15 a shekarar 2024, ya koma sidi 19.97 a 2025. Mai karatu bai manta ba cewa a watan Disamba na 2022 tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari. Magidanci ya cire kuɗin mota da na abincin rana daga sidi ashirin, ya gaya mana abin da zai kai wa uwargida.

Sai maganar lafiyar jiki, wadda mu 'yan Zango muka fi sakaci da ita. Hular kwano da takalmin aiki da safar hannu haƙƙi ne a kan mai gida, kuma doka ta ce ya bayar da su ba tare da ya caji ma'aikaci ba. Ta kuma ba ma'aikaci damar janye jikinsa daga aikin da ya ga akwai haɗari na kusa ga ransa, ya sanar da shugabansa, ba tare da an kore shi ko an riƙe masa lada ba. Idan haɗari ya auku, mai gida na da kwana bakwai ya kai rahoto. Ga kuma dokar diyyar ma'aikata ta 1987. Amma sau da yawa idan injin ya cinye wa yaro yatsu, sai a ba shi ɗan abin sayen magani, dangi su ce ƙaddara ce a bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, sai dai ba mu taɓa jin malamin da ya ce karɓar diyya ya saɓa mata ba.

Mun san dalilin da ya sa wasu dattawanmu ke gudun ofis da takarda. Waɗanda suka ga korar baƙi ta shekarar 1969, zamanin gwamnatin Busia, sun koyi cewa shiru shi ne kwanciyar hankali, suka kuma koya wa 'ya'yansu. Amma dokar ƙwadago ba ta tambayi ƙabila ba. Ta ba kowane ma'aikaci 'yancin shiga ƙungiyar da ya so, ta kuma ce korar mutum saboda ya shiga ƙungiya kora ce ta zalunci, wadda za a iya kai ƙararta gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa.

Su ma ƙungiyoyin muna da magana da su. Babbar ƙungiyar TUC, wadda aka kafa tun 1945, tana da rassa na ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na direbobi, wato GPRTU, inda mutanenmu suke da yawa. Amma mai gadi da ɗan dako da yaron mota ba kasafai suke ganin jami'in ƙungiya ba sai ranar karɓar kuɗin wata. Muna roƙon su riƙa shigowa Zango su yi bayani da Hausa, ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko a fadar sarkin Zango. Kafin su zo, duk wanda ke aiki ya rubuta ranar da ya fara, ya adana kowace takardar albashi da katin shiga kamfani, ya kuma riƙe sunayen abokan aiki biyu da za su iya yi masa shaida.