Aduwa Maganin Katantanwar Kududdufi

'Yan'uwa manoma, a fadamar Zauro, daga Argungu har Birnin Kabi, ruwa shi ne arzikinmu. Da shi muke noman shinkafa, ga kuma ƙungiyoyinmu na gama kai masu niyyar haƙa kududdufi don kiwon tarwaɗa da karfasa. Amma duk inda ruwa ya kwanta, akwai wata 'yar katantanwa da ba ta kai farcen yatsa ba, tana maƙale a ƙarƙashin ganyen bado. Ita ce gidan ƙwayar tsargiya.

Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa. Bayan kamar wata guda sai 'yan tsutsotsi su fito, su huda fatar mai wanka ko mai kama kifi. Fitsarin jini ba alamar yaro ya zama namiji ba ne. Ciwo ne mai cin mafitsara, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Maganin kashe katantanwa na kanti yana da tsada, amma Ubangiji bai bar mu hannu sake ba. A 1933 wani likita, Archibald, ya nuna a Sudan cewa 'ya'yan aduwa suna kashe katantanwa da tsutsotsin. A 1964 Dokta Aklilu Lemma na Habasha ya ga matattun katantanwa a rafin da mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai kumfa, endod. Masu kiwon jatan lande a Asiya kuwa, tunkuzar 'ya'yan shayi suke zubawa. Sirrin ɗaya ne, wato kumfan nan mai kama da sabulu.

To, ga yadda za a yi. Da rani a rage ruwan kududdufi, a kwashe ciyawa, a toshe mafita. A jiƙa busasshiyar aduwa ta kwana, a murje, a tace. A fara gwadawa a bokiti da 'yan katantanwa, a ga ma'aunin da ke kashe su kafin gari ya waye, kāna a yayyafa. Bayan mako biyu a sake, saboda ƙwan da ya rage.

Amma a yi hattara! Abin da ya kashe katantanwa yana kashe kifi. Kada a zuba sai kududdufi ba kifi, kuma kafin a sa iri a gwada ruwan da kifi biyu ko uku. Kada kuma a kai shi gulbi. Masunta maƙwabtanmu ne, da gulbin Rima suke ci da iyalinsu.

A taron ƙungiya na gaba, bari mu zaɓi masu tara aduwa, mu kuma shirya haƙa masai nesa da ruwa. Allah ya ba mu lafiya da albarkar noma, amin.