Akalar Tsaro: A Hannun Abuja ko a Hannun Gwamna?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, gwamna ake fara ɗora wa laifi, shi kuma ya ce ba shi da iko da 'yan sanda. Maganarsa tana da tushe. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Sashe na 215 ya yarje wa gwamna ya bai wa kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan na iya neman a kai maganar gaban shugaban ƙasa kafin ya zartar.

Tsarin tarayya yarjejeniya ce ta raba iko: gwamnatin tsakiya da nata hurumin, jihohi da nasu, kowa kuma daga kundi ya samo ikonsa. A Najeriya kundin ya keɓe wa tarayya jerin abubuwa 68 a 1999, ciki har da soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai. Akwai jeri na biyu da ɓangarorin biyu ke yi wa doka, kamar ilimin gaba da sakandare. In dokokinsu suka ci karo, ta tarayya ce ke rinjaye. Abin da bai shiga jerin biyu ba, na jihohi ne.

Da ba haka abin yake ba. Tsarin mulkin Lyttelton na 1954 ya ba yankunan Arewa, Yamma da Gabas ƙarfi sosai, har En'e (hukumar gargajiya) a Arewa tana da 'yan dokarta da gidajen yarinta. Bayan juyin mulkin 1966 ne sojoji suka fara tattara iko a tsakiya. Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, aka haɗe 'yan doka cikin rundunar ƙasa, jihohi suka yi ta ƙaruwa har suka kai 36 a 1996. Yawansu ya ƙaru, ƙarfinsu ya ragu. Kuɗi ma ya bi iko: daga asusun tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60.

Da tura ta kai bango, jihohi sun nemo wa kansu hanya. Kudu maso Yamma ta kafa rundunar tsaro ta Amotekun a 2020, Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. Waɗannan matasa sun san daji, sun san yaren mutane, amma ikon yanke irin makamin da za su riƙe yana hannun Abuja.

Shi ya sa ake kiran a ba jihohi 'yan sandansu, amma masu tsoron hakan ba su yi ƙarya ba. Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko sun san yadda aka yi amfani da 'yan doka da kotunan alkalai wajen musguna wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU. Yadda gwamnoni suka riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, ya ƙara wa wannan tsoro ƙarfi.

Duk da haka, ina ganin maganin shi ne a ba jihohi iko tare da takunkumi: hukuma mai zaman kanta ta ɗauki ma'aikata, kotu ta saurari ƙorafi, tarayya ta gindaya ƙa'idar horo da makami. Gyaran yana yiwuwa. A Maris 2023 an buɗe wa jihohi ƙofar jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, an kuma faɗaɗa ikonsu kan lantarki. Irin wannan gyara sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da majalisun jihohi 24. Don haka ɗan majalisar jihar da muka zaɓa yana da ƙuri'a a wannan magana, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye shi inda zai jefa ta.