Yadda Za A Ƙara Nisan Zangon Rediyon Oba-Oba

Idan motar asibiti ta tafi ƙauye ɗauko mai naƙuda, rediyonta kuma ya daina jin hedkwata, direba ba shi da wanda zai nemi taimakonsa in hanya ta yanke. Galibi akan ɗora laifin a kan ƙarfin na'ura, a nemi sayen babba. Wannan kuwa sau da yawa asarar kuɗi ce.

Saƙon rediyo na zangon VHF kusan a miƙe yake tafiya kamar haske. Tudu da dutse da manyan gine-gine duk suna tare shi. Saboda haka abin dubawa na farko shi ne tsayin eriyar hedkwata. A shimfiɗaɗɗen fili, eriyar da aka ɗaga mita 9 tana hangen kimanin kilomita 12, wadda aka kai mita 36 kuwa kusan kilomita 25. Watau sai an ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninku biyu. A ƙasa mai duwatsu irin ta Jos, wurin da aka kafa turken eriya ya fi tsayinsa muhimmanci.

Ta wajen mota, a kafa eriya tsaye a tsakiyar rufin ƙarfe, gama rufin kansa yana cikin aikin eriyar. Wadda aka ɗaure a bamba, jikin motar ne ke tare ta.

Wayar da ta sauko daga turke ta zama gajera mai kauri, a naɗe mahaɗinta kada ruwan damina ya shiga. Lalle ne kuma a haɗa turken da ƙasa saboda aradu.