Kwafar Manhajar Kwamfuta: Sata Ce Ko Keta Haƙƙi?

LEGAS — A kasuwar Computer Village da ke Ikeja, inda 'yan kasuwa Hausawa mazauna Agege da Ijora kan sayi kwamfutoci da wayoyin hannu, akan ɗora wa na'ura manhajar da aka kwafa ba tare da an biya mai ita ba. Jama'a na kiran hakan satar fasaha, amma doka ta bambanta shi da satar kaya.

Bambancin ya samo asali ne daga yanayin hajar. Wanda aka sace wa buhun shinkafa ya rasa shi ke nan. Wanda aka kwafi manhajarsa kuwa tana nan a hannunsa. Abin da ya rasa shi ne cinikin da zai mayar masa da jarinsa. Rubuta manhaja na cin kuɗi da lokaci mai yawa, alhali kwafarta kusan kyauta ce. Idan kowa ya kwafa, masu rubutawa za su janye jarinsu.

A 1985 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Dowling kan fayafayan waƙa na jabu, ta yanke hukuncin cewa keta haƙƙin mallaka ba daidai yake da satar kaya ba. Wannan bai halatta kwafar ba. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta tun 1995, ta ba manhaja kariya irin ta littattafai. A cikin gida, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin dokar soja ta 1988, ta tanadi diyya da tara da ɗauri. A fannin addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce irin wannan haƙƙi dukiya ce da bai halatta a keta ta ba.

Ma'aunin dai shi ne izini. Manhajoji irin su Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, lasisinsu ya yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya rarraba bisa sharuɗɗa. Ɗan kasuwar da kuɗin lasisi ya yi wa yawa zai iya komawa ga irinsu. Wanda ya zaɓi ta jabu kuwa na iya fuskantar ƙara da ƙwace kaya daga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.