Kimiyya: Me ya sa ƙarfin asid yake sauyawa idan aka sauya ruwan da ya narke ciki?

Duk ɗalibin lise da ke shirin jarrabawar BAC, a Maraɗi yake ko Damagaram, Tawa ko Yamai, ya haddace cewa asid na binegar, wato asid asetik, yana da pKa 4,76. Abin da ba a cika jaddada masa ba shi ne wannan adadi na cikin ruwa zalla ne, a zafin digiri 25. Da zarar an zuba alkol cikin ruwan, adadin ya tashi. Masu auna ingancin magunguna da man girki suna cin karo da wannan lamari a aikinsu na kullum.

Mene ne asid mai rauni?

Tun shekara ta 1923, Johannes Brønsted ɗan ƙasar Danmak da Thomas Lowry ɗan Ingila suka bayyana asid da cewa abu ne mai sakin piroton, wato H⁺. Asid mai ƙarfi, kamar asid kiloridirik, yakan saki kusan duka nasa cikin ruwa. Mai rauni kuwa kaɗan yake saki: a cikin ruwa mai ɗauke da mol 0,1 na asid asetik a kowace lita, ƙwaya ɗaya da ɗan ɗori ce kawai cikin 100 take rabuwa da piroton ɗinta. Ma'aunin pKa ne ke nuna wannan hali. Idan ya ƙaru da 1, ƙarfin asid ya ragu sau 10.

A cikin haɗin rabi ruwa rabi etanol, pKa na asid asetik yakan kai kusan 5,8. Idan etanol ya kai kashi 80 cikin 100, sai ya kusanci 6,9. A cikin etanol zalla kuwa ya wuce 10. Ke nan asid ɗin da ke cikin binegar ya rage ƙarfi fiye da sau 100.000, alhali ƙwayarsa ba ta sauya ba.

Dalilai biyu

Na farko ya shafi caji. Idan asid asetik ya saki piroton, abubuwa biyu ne ke fitowa, ɗaya mai caji na ƙari, ɗaya mai caji na ragi, kuma suna jan juna su koma. Ruwa gwani ne wajen shiga tsakaninsu. Ma'aunin da ke nuna wannan iyawa ya kai kusan 78 ga ruwa, 33 ga metanol, 25 ga etanol. Duk lokacin da adadin ya sauka, raba cajin biyu yana ƙara wuya, asid kuma yana riƙe piroton ɗinsa. Masanin nan na Jamus, Max Born, ya fitar da lissafin wannan tasiri a shekara ta 1920.

Na biyu shi ne yadda ƙwayoyin ruwa suke kewaye ɓangaren asid da ya rage bayan piroton ya tafi, su riƙe shi ta hanyar haɗin idirojen. Sinadarin DMSO ya nuna muhimmancin haka: ma'auninsa na raba caji ya kai 47, sama da na metanol, amma pKa na asid asetik a cikinsa ya haura 12, saboda ba ya iya yin irin wannan riƙo. Frederick Bordwell na jami'ar Northwestern a Amurka ya shafe shekaru yana auna pKa cikin DMSO, kuma har yau ana aiki da jadawalinsa.

Wannan ne kuma ya sa adadin yake tashi sannu-sannu daga farko, sannan ya yi tsalle a ƙarshe. Muddin akwai sauran ruwa cikin haɗin, ko kaɗan ne, shi ne zai taru kewaye da cajin.

Ba kowane asid ba ne yake yin haka. Wanda tun asali yake ɗauke da caji, kamar amoniyom, ba ya ƙirƙiro sabon caji idan ya saki piroton, miƙa shi kawai yake yi. Shi ya sa ƙarin alkol ba ya taɓa ƙarfinsa sosai.

Inda abin yake da amfani

A fannin magunguna, pKa yana cikin abubuwan da ke nuna yadda magani zai narke da yadda zai ratsa hanji. Amma magani irin ibuprofen ba ya narkewa sosai a ruwa. Sai a auna shi cikin haɗin ruwa da metanol kashi-kashi, a ja layi a lissafa abin da zai bayar a ruwa zalla. Haka kuma littattafan ƙa'idar magunguna sun tanadi auna wasu magunguna cikin asid asetik marar ruwa, domin a nan ne sakamakon yake fita sarai. Ilimi ne da ɗakunan gwajin ingancin magunguna, irin LANSPEX na Yamai, suke buƙata.

Man gyaɗa ma haka ne. Idan mai ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi, asid ɗin da ke cikinsa yana ƙaruwa. Tun da mai ba ya haɗuwa da ruwa, cikin alkol ake narkar da shi, a riƙa ɗiga masa ruwan potas har launin sinadarin gwaji ya koma ruwan hoda. Ƙa'idar Codex Alimentarius ta iyakance miligiram 4 na potas a kowane giram na man da ba a tace ba, da 0,6 ga tataccen mai.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin laboratwar, ga abin kiyayewa: na'urar pH da aka daidaita da ruwa ba za ta ba da adadin da za a kwatanta kai tsaye ba idan aka tsoma ta cikin haɗin alkol. Kafin a yi aiki da kowane pKa da aka gani a littafi, a duba cikin wane ruwa aka auna shi, da kuma a wane zafi.