Kututture a garka: wanda za a cire da wanda za a bari

Ƴan uwa manoma, in an gama girbi sai a koma noman rani. Mai gyaran garka yakan tarar da kututturen icce a tsakiyar fili. Yana tare wurin shuka. Yana karya bakin hauya. In ya ruɓe, gara takan shige shi, maciji da kunama su sami maɓoya, ga yara suna yawo babu takalmi.

Amma kafin ka ɗauki gatari, tsaya ka duba. Kututture iri biyu ne: akwai matacce, akwai mai rai.

Yadda ake cire matacce

Da marece ka zuba ruwa a gindinsa don ƙasa ta yi laushi. Da safe ka bubbuga shi da doguwar sanda, ko akwai mugun abu a ciki. Kada ka sa hannu a kogonsa.

Sai ka gina rami kewaye da shi, kamar taki ɗaya daga gindin. Duk saiwar da ta bayyana ka share mata ƙasa, ka sare ta da gatari. Babbar saiwa tana can ƙasa, ita ce ta ƙarshe. In ka sare ta, ka sa dagi ko ƙaƙƙarfan icce a ƙarƙashi, ku ɗaga ku biyu. Ka cike ramin da ƙasa da takin dabbobi, kada yaro ko dabba su faɗa. Kututturen kuma ya zama iccen girki.

Mai rai da ya tare wuri

Dogon yaro yakan sake toho bayan an sare shi, saiwoyinsa suna shanye ruwan kayan lambu. Ka ɓare ɓawonsa. Duk tohon da ya fito ka karye shi tun yana ƙarami. In babu ganye, saiwa ba ta samun abinci. A hankali zai bushe, sannan ka cire shi.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a zuba baƙin mai ko gishiri a kan kututture. Suna kashe ƙasa, baƙin mai kuma yana iya gurɓata ruwan rijiya. Kada a sa masa wuta a cikin hunturu. Wuta takan kwana tana ci a cikin saiwa, iska ta kai ta ga shinge ko rumbu. Wanda gatari ya sara ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya tafi gidan likita.

Wanda za a bari

Kututturen gawo, kalgo, sabara ko magarya a gona ko a bakin shinge dukiya ne. Tun 1983 aka fara sassaben zamani a Maradi: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran. Ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a Maradi da Damagaram. Suna tare iska, suna ba da itacen girki da abincin dabbobi. Gawo ma yana zubar da ganye da damina, ba ya hana hatsi rana. Doka tana kare shi, saboda haka a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a taɓa shi.

To jama'a, a cire wanda ya tare garka, a rena wanda zai amfani ƴaƴanmu. Allah ya ba mu albarkar noma.