Yadda binciken duwatsu ya ceci bututun man Alaska daga girgizar ƙasa

A ranar Lahadi 3 ga watan Nuwamban shekara ta 2002, jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na rana, wata girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.9 ta afka wa tsakiyar jihar Alaska da ke can arewacin Amurka. Ƙasa ta dare har tsawon kilomita kusan 340, a wasu wurare kuma gefe guda na darewar ya gota ɗaya gefen da kusan mita 9. Ƙarfin girgizar ya kai ga kaɗa ruwan tafkuna a birnin Seattle da jihar Louisiana, masu nisan dubban kilomitoci daga wurin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne babban bututun da ke ɗauko ɗanyen mai daga mashigin tekun Prudhoe a arewa zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez a kudu. Wannan bututu, mai tsawon kilomita kusan 1,300, wato ya ɗara nisan Legas zuwa Kano, yana ɗauke da kimanin ganga miliyan ɗaya a kowace rana a wancan lokaci, kuma ya ratsa daidai ta kan layin da ƙasar ta dare. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gusa da sama da mita 4, amma bututun bai fashe ba, man kuma bai malala ba. An dai rufe shi na tsawon sa'o'i 66 domin bincike da gyaran wasu ƙarafan da ke tallafe da shi, sannan aka ci gaba da aiki.

Dalilin haka kuwa yana komawa ne ga wani bincike da aka gudanar shekaru 30 kafin aukuwar girgizar.

Yadda dutse ke tara ƙarfi

Ɓawon duniya dai ba falan ɗaya ba ne, ya kasu zuwa manyan faifai na dutse waɗanda ke motsi a hankali. A yankin Alaska, faifan da ke ƙarƙashin tekun Pasifik yana kutsawa ƙarƙashin na Amurka ta Arewa da kimanin santimita 5 a shekara. Wannan matsin lamba shi ya haddasa girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2 a watan Maris na 1964, wadda ta yi kaca-kaca da tsohon garin Valdez har aka sake masa matsuguni. Wani ɓangare na matsin kuma yana isa can cikin ƙasa, inda wata tsohuwar tsaga da ake kira Denali ta ratsa jihar kamar baka.

Tun bayan girgizar ƙasar San Francisco ta 1906 wani masani Ba'amurke, Harry Fielding Reid, ya yi bayanin abin da ke faruwa a irin wannan tsaga. Gefunan biyu suna son wuce juna, amma sun cije, don haka duwatsun da ke kewaye sai su riƙa tanƙwaruwa kaɗan-kaɗan na tsawon ɗaruruwan shekaru, kamar yadda maharbi ke jan tsarkiyar baka. Ranar da ƙarfin ya rinjayi cijewar, sai duwatsun su fizge su miƙe cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma wannan fizga ita ce girgizar ƙasa.

A shekara ta 1966 wasu masana biyu, William Brace da James Byerlee, sun gwada hakan a ɗakin bincike. Sun matse gutsattsarin dutse a cikin na'ura mai tsananin ƙarfi, sai suka ga ba sa zamewa sumul. Sukan maƙale, su fizga, su sake maƙalewa, tamkar mutumin da ya ɗaura wa buhun hatsi igiyar roba yana jan sa a kan siminti.

Darasin da aka koya daga nan yana da fuska biyu. Ba wanda ya iya faɗin ranar da dutse zai fizga, kuma har yau babu wata hanya tabbatacciya ta yin hakan. Amma ana iya gano wurin da zai fizga, a kuma ƙiyasta nisan da zai gusa, saboda kowace tsohuwar girgiza tana barin alama a doron ƙasa.

Matsalar daskararriyar ƙasa

An gano mai a Prudhoe ne a shekara ta 1968, kuma da farko kamfanonin man sun yi niyyar binne kusan ɗaukacin bututun a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda aka saba a sauran wurare. Sai dai ƙasar Alaska daban take. Mafi yawan jihar na kan abin da masana ke kira daskararriyar ƙasa, wato ƙasar da ke zama a daskare rani da damina na aƙalla shekaru biyu a jere. A yankin Prudhoe kaurin wannan ƙasa ya kai kimanin mita 600. Muddin tana daskare tana da tauri kamar dutse, amma a wurare da dama ƙanƙara ce ke riƙe da yashi da laka, da zarar ta narke kuwa sai wurin ya koma taɓo.

Ɗanyen mai kuma da zafinsa yake fitowa daga rijiya. A shekara ta 1970 wani masani na hukumar binciken yanayin ƙasa ta Amurka, USGS, mai suna Arthur Lachenbruch, ya wallafa wani ɗan gajeren rahoto da ya sauya alƙiblar aikin baki ɗaya. Lissafinsa ya nuna cewa idan aka binne bututu mai ɗauke da mai mai zafin digiri 80 a ma'aunin Celsius, cikin 'yan shekaru zai narkar da ƙasar da ke kewaye da shi har faɗin mita 6 zuwa 9. A inda ƙanƙara ta yi yawa, bututun zai rasa abin da zai zauna a kai, ya lotsa, ya kuma iya karyewa.

Wannan gargaɗi, tare da ƙararrakin da masu kare muhalli da 'yan asalin Alaska suka shigar, ya jinkirta aikin na tsawon shekaru. Sai a watan Nuwamban 1973, a daidai lokacin da ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai, majalisar dokokin ƙasar ta ba da izinin ginawa. A lokacin da aka kammala aikin a 1977, kan kuɗi kimanin dala biliyan 8, fiye da rabin bututun yana sama ne a kan ginshiƙan ƙarfe wajen 78,000.

Kazalika an zura wa yawancin ginshiƙan wasu siraran bututu da aka rufe ruf da sinadarin amoniya a ciki. A lokacin hunturu, idan iska ta fi ƙasa sanyi, sinadarin kan kwashi ɗumin ƙasa ya zama tururi ya hau sama, iska ta sanyaya shi ya koma ruwa ya gangaro. Ta haka ake zuƙe zafi daga gindin ginshiƙan ba tare da lantarki ko inji ba.

Tsallake tsagar Denali

Saura kuma batun girgizar ƙasa. A farkon shekarun 1970 wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Lloyd Cluff ta bi hanyar da bututun zai ratsa, tana nazarin ƙoramu da tuddan da tsofaffin girgizoji suka gotar. Tawagar ta yi ƙiyasin cewa tsagar Denali na iya haifar da girgiza mai ƙarfin maki 8, inda ƙasa za ta gusa gefe da mita 6, ta kuma tashi sama da mita ɗaya da rabi.

Injiniyoyin sun fahimci cewa babu ƙarfen da zai iya ja da irin wannan ƙarfi, don haka suka zaɓi su ba bututun sararin motsi. A wani yanki mai tsawon kusan mita 600 inda ake sa ran ƙasar za ta dare, sun shimfiɗa dogayen ƙarafa a kwance, suka ɗora bututun a kansu bisa wasu takalma da aka shafe da Teflon, sinadarin nan mai santsi da ke hana abinci kamawa a kaskon suya. An kuma karkata bututun kamar tafiyar maciji domin ya samu rarar da zai miƙe ko ya tanƙwaru.

Shekaru 25 bayan kammala aikin, ƙasar ta dare a cikin wannan yanki da aka tanada. Ƙarafan sun bi ƙasa sun gusa, bututun kuma ya zame a kansu. Duk da haka girgizar ta nuna iyakar ilimin masanan, domin ta faro ne daga wata tsaga da ba a san da ita ba kafin wannan rana, wadda daga baya aka raɗa wa suna Susitna Glacier, kafin ta tsallaka zuwa Denali.

Ƙasar da ke ɗumama

Barazanar da ta fi damun masana a yanzu ta fi girgizar ƙasa tafiya a hankali. Tun a shekara ta 1986 Lachenbruch da abokin aikinsa Vaughn Marshall suka auna zafin tsofaffin rijiyoyin da aka haƙa a arewacin Alaska, suka gano cewa saman daskararriyar ƙasar ya ɗumama da digiri 2 zuwa 4 cikin ƙarni na 20. Wannan na daga cikin shaidun farko na sauyin yanayi a yankin Arctic.

Illar hakan ta fara bayyana. A shekara ta 2021 hukumomin Alaska sun amince wa kamfanin Alyeska mai kula da bututun ya kafa ƙarin na'urorin sanyaya ƙasa kimanin 100 a wani gangare da ke arewa da birnin Fairbanks, bayan da narkewar ƙasa ta sa wasu ginshiƙai suka fara karkacewa. A ƙasar Rasha ma, a watan Mayun 2020, wani tankin mai ya rufta a kusa da birnin Norilsk, inda tan dubu 21 na man dizal ya malala. Kamfanin da ke da tankin ya ɗora laifin a kan narkewar ƙasa, yayin da hukumomi suka ce akwai kurakurai a ginin tankin da kuma yadda ake kula da shi.

Lissafin da aka yi a game da tsagar Denali ya dogara ne a kan halayen dutse, waɗanda ba sa sauyawa cikin shekaru dubbai. Na ginshiƙan kuwa an yi shi ne bisa sanyin shekarun 1970, wanda ke raguwa, shi ya sa tilas masu kula da bututun su ci gaba da auna zafin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, suna sake lissafin daga lokaci zuwa lokaci.